Ƙarar da Mai Kunne Bai Ji Ba

Ranar da motarsa ta fara ƙara, Rediyo ya yi asarar wando guda da mutuncin shekara arba'in da takwas, duk a cikin minti biyar.

Tela ne, sunan kuma ya same shi tun yana saurayi, don ba a taɓa gano inda ake kashe shi ba. Ran Litinin aka canza masa takalman birki na gaba. Ran Talata da hantsi ya ja da baya daga ƙofar shagonsa, ya taka birki, sai ya ji ƙas. Sau ɗaya tak. Ya sa giya ya yi gaba, ya taka a bakin titi, ƙas. Nan take duk labaran da ya taɓa bayarwa na tayar da ta ɓalle ta wuce mai ita a guje suka dawo masa, wannan karon ba dariya a ciki. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya fito, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin motar kamar wanda ya san abin da yake nema. Wandon ya ce ɓarrr, daga ƙugu har cinya.

Mata uku na tsaye a wurin jiran bas. Babbar cikinsu ta ce, "Tela, kai ka ɗinka wannan?"

"Hajiya, aikin wani ne. Nawa ba ya haka."

Shi ya ɗinka, kuma ita ma ta sani.

Kwana uku yana farautar ƙarar nan. Ya kwashe almakashi da kwalbar ruwa da tarin makullai daga motar. Ya ɗaure murfin but da igiya. Har gwiwarsa ya zarga, don ita ma takan yi irin haka da safe. Ƙarar dai tana nan: ka ja baya ka taka, ƙas, ka yi gaba ka taka, ƙas, daga nan ta yi shiru kamar ba ita ba.

Matarsa, Auta, ta ce, "Ka mayar wa Yaya mana. Ba shi ya yi aikin ba?"

Rediyo ya dube ta, ta dube shi. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninke kaya. Su biyun sun san abin da ya sa bai mayar ba tun ranar farko.

Yayan nata, babban gidansu, shi ake kira Mai Kunne. Shekara talatin da huɗu yana gyaran birki, birki kaɗai, a gareji ɗaya mai rufin kwano da rami guda da benci da aka yi da tsohuwar kujerar mota. Yana shekara sha tara mahaifinsu ya rasu, ya bar masa ƙane ɗan shekara bakwai da Auta a goye. Da aka tambaye shi dalilin da bai koyi gyaran inji ba kamar sauran samari, cewa ya yi inji kowa ya iya sa shi gudu, shi tsayawa yake so ya iya. Da sufana ya ciyar da gidan, da ita ya aurar da Auta, sufanar kuma ya danƙa wa ƙanen nan, wanda har yau da furfura a gemunsa ake ce masa Ƙarami.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Kawo masa ita kana rantsuwa cewa ka san inda ciwon yake, ba zai ko dube ka ba. Zai cire takalmansa ya ajiye a bakin rami, ya shiga kujerar baya, ya kafa tafin ƙafa a ƙasan motar, ya rufe ido. Ƙarami ne ke tuƙi, kullum, don a dokar Mai Kunne mai saurare ba ya riƙe sitiyari. Doka ta biyu kuma, ba a magana sai ya buɗe ido. A zagaya layin gareji, a bi ta gargadar bayan ma'ajiyar katako, a dawo. Sai ya ce, "Baya, dama, dutse ne ya maƙale." A buɗe, a tarar da dutsen. Direbobi sukan kawo abokansu kallo. Akwai wanda ya rantse Mai Kunne ya taɓa gaya masa taya za ta yi faci kwana biyu kafin ta yi, amma wannan Rediyo ne ya ƙirƙira, ya kuma manta shi ya ƙirƙira.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya, shekara biyu ke nan.

Ba gaba ɗaya ba. Babbar ƙara, gurnani da gunji da duk abin da ke girgiza ƙasan mota, yana jin su, ko da kunne ko da ƙafa. Siraran ne suka gudu: tsiwar ƙarfe, kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi. Kowa a dangi ya lura, ban da shi. Matarsa ta riƙa ƙara muryar talabijin tana cewa nata kunnen ne ya yi nauyi. Auta ta koyi yi masa magana tana fuskantarsa. Shi Rediyo bai sha wahala ba, dama da ƙarfi yake magana. A cikin mota kuma Ƙarami ya samo dabara: in siririyar ƙara ta fito, sai ya karya doka ya ce, "Af, Yaya, ka ji ta ko? Kamar gaba, hagu, sau biyu." Mai Kunne ya daka masa tsawa, "Yi mini shiru, na ji!" Daga wannan ɗan bayanin kansa zai ƙarasa sauran, don abin da ke cikin kan nan bai je ko'ina ba. Haka aka yi ta lallaɓawa. Ba wanda ya zauna ya ce a ɓoye masa. Kowa dai ya ga mutumin ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da wani abin da yake taƙama da shi a duniya sai a ce ya ji abin da wasu ba su ji ba, sai kowa ya ja bakinsa.

Shi ya sa Rediyo ya yi kwana uku yana ɗaure but da igiya. Ƙarar motarsa siririya ce.

Ran Juma'a da safe Ƙarami ya kira shi a waya. "Auta ta ce motarka na ƙara. Kawo ta da ƙarfe goma, ina nan, ba komai." Jin yana nan ɗin ne ya kwantar wa Rediyo da hankali.

Da ya isa ya tarar da baƙo a kan benci, manajan gidan burodi, mutum mai tumbi da agogo mai sarƙa. Motocin raba burodinsa goma sha ɗaya ne, kuma shekara goma sha biyu Mai Kunne ke duba birkinsu. Rabin aikin garejin na gidan burodin ne.

"Rediyo," in ji Mai Kunne, "me ka yi wa aikina?"

"Yaya, ni ban yi komai ba. Ita ce ta koyi magana, ka san zama da ni."

Mai Kunne ya cire takalma. Ƙarami ya karɓi makulli, sannan ya juya wurin baƙon. "Manaja, zo mu zagaya mana. Ka daɗe ba ka ga Yaya yana aikinsa ba."

Manaja ya shiga gaba. Rediyo ya zauna a baya kusa da surukinsa. Mai Kunne ya kafa ƙafa, ya rufe ido.

Ƙarami ya ja da baya, ya taka. Ƙas.

Rediyo ya jira ya ji "Af, Yaya". Bai ji ba. Ya leƙa madubi don su haɗa ido da Ƙarami, ya ga idon nasa na kan hanya.

Aka yi gaba, aka taka a bakin layi. Ƙas. Manaja ya waiwayo ya dubi Mai Kunne, yana murmushin mai jiran abin mamaki. Fuskar Mai Kunne shiru, kamar mai barci.

Rediyo ya matso kusa da surukinsa. Ya yi gyaran murya, ya ce da ƙarfi, "Yawwa, ka ji ta ko, Yaya? Wato ita wannan..."

"Kashe rediyon nan," in ji Mai Kunne, bai buɗe ido ba. "Wa ya ce ka yi magana a motar da nake saurare?"

"Ai dama cewa zan yi..."

"Ko ka yi shiru ko ka sauka."

Rediyo ya jingina da kujera. A bayan ma'ajiyar katako Ƙarami ya tsaya ba dalili, ya ja baya, ya taka, ya yi gaba, ya taka. Ƙas. Ƙas. A nan Rediyo ya sha jinin jikinsa, don ba a taɓa tsayawa a wurin nan ba.

Suka dawo gareji. Mai Kunne ya buɗe ido, ya daki kafaɗar Rediyo yana dariya. "Motarka lafiyarta ƙalau. Ƙarar a kanka take. Je ka ɗinka wa mutane kayansu."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Manaja ya gyara zama ya ce, "Babba, wasa kake yi ko? Ni da ban san komai a mota ba, sau huɗu na ji."

Mai Kunne ya dubi bakin Manaja, sannan ya dubi ƙeyar ƙanensa. "Ƙarami. Akwai ƙara?"

"Akwai, Yaya."

"Ba ka ce komai ba."

"Dokarka ce." Ya kashe motar, har yanzu bai waiwayo ba. "Shekara biyu ke nan ni nake ji maka, Yaya. Na gaji."

Rediyo ya ga surukinsa ya fita daga motar a hankali, ya tsaya a kan simintin garejin ba takalmi, ƙafafunsa farare da ƙura. Ya zaci zai yi faɗa, ko ya shige ciki. Sai kawai ya zagayo ya tsaya daf da fuskar Rediyo.

"Kalle ni ka yi magana. Sau ɗaya take yi ko a jere?"

"Sau ɗaya, Yaya."

"In ka ƙara gudu tana ƙaruwa?"

"A'a."

"To ba dutse ba ne, ba kuma farantin baya ne ke shafar faifan birki ba. A kan gargada fa?"

"Shiru take."

"To ba kusa ce ta saki ba. Yaushe take yi?"

"In na ja baya na taka. In na yi gaba na taka na farko. Daga nan sai ta ɗauke."

"Takalmin birki ne ke wasa a gidansa. Shiga ka tuƙa. Taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, ka riƙa takawa."

Ya tsuguna gefen tayar gaba ta dama, ya ɗora tafin hannu a tsakiyarta. Rediyo ya gusa gaba, ya gusa baya. Mai Kunne ya girgiza kai, ya koma ta hagu. Gaba, baya. Ƙas. Hannun ya ɗaga sama: tsaya.

Shi da kansa ya jawo jak. Ƙarami ya miƙa hannu zai taya shi, ya kauce kamar bai gani ba. Ya cire taya, ya kwance kusoshi biyu, ya ɗaga murfin da ke matse takalman, ya zare su. A kowane lungu da kunnen takalmi ke zama akwai ɗan siririn ƙarfe da suke ce wa kilif, shi ke riƙe takalmin kada ya yi wasa. Huɗu ne a kowace taya. Uku suna nan. Na ƙasa ta ciki babu.

Manaja ya leƙo. "To ai ga shi. Mantuwa ce, Babba, kowa na yi. Shekaru ne."

Mai Kunne ya sunkuya. Ya daɗe yana kallon lungun nan. Sannan ya yafito Rediyo. "Zo, kai mai ido. Me ka gani?"

Rediyo ya durƙusa, a hankali wannan karon. "Giris, Yaya."

"Duba da kyau."

Ya duba. Giris ne ɗan kaɗan, an dangwala da babban yatsa, kuma a jikinsa ga shatin kilif ɗin nan kwance, gefe da gefe, kamar sawun ƙafa a laka. Kusa da shi wani sabon ƙarzo yana ƙyalli, inda bakin sukundireba ya shiga ya ɓanɓaro.

"Shekara talatin da huɗu," in ji Mai Kunne, "ban taɓa sa kilif ban dangwala giris a ƙarƙashinsa ba, saboda tsatsa. Ba wanda ke yin haka a layin nan sai ni. Na sa shi, ga wurin zamansa. Kilif kuma ba ya faɗuwa da takalmi a kansa. Sai an cire taya, an kwance kusa biyu." Ya ɗago. "Rediyo, ran Litinin kai ka zo ka ɗauki motar?"

Rediyo ya tuna. Ran Litinin Ƙarami ne ya kawo masa ita har ƙofar shago, wai don kada ya sha rana. Ya yi ta godiya, har ya auna shi zai ɗinka masa riga.

Mai Kunne ya karanta amsar a fuskarsa. Ya miƙa hannu baya wajen Ƙarami, tafin a buɗe, ba tare da ya juya ba.

"Ba ni."

"Yaya..."

"Ba ka jefar ba. Ni na koya maka ba a jefar da kilif. Kuma da me za ka gyara a gaban Manaja in ka jefar? Ba ni."

Ƙarami ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da ɗan ƙarfen a naɗe cikin takarda, ya ajiye a tafin yayansa.

Manaja ya tuna yana da wani taro. Ya ce zai kira, ya fita yana duba agogo.

"Ba ya hana birki kamawa," in ji Ƙarami. Da ƙarfi yake magana, yana fuskantar yayan, yadda duk suka saba. "Na san abin da na cire. Ƙara ce kawai."

"A motar da ƙanwarka ke shiga."

"Na ce ba ya hana kamawa! Yaya, watan jiya motar burodi ta zo tana tsiwa, takalmi ya cinye har ƙarfe, ka ce lafiyarta ƙalau. Da ba na nan fa? Da na tafi sayo kaya fa? Ni ke ji, kai ake yaba wa. Shekarata arba'in da ɗaya, har yau direban gwaji ne ni."

"Da ka gaya mini."

"Na ce mu je a duba kunnenka, ka ce in je a duba kaina."

"Sau ɗaya ka faɗa, kana dariya." Mai Kunne ya goge kilif ɗin da gefen rigarsa. "Da ka rufe ƙofar nan, mu biyu, ka ce Yaya kunnenka ya mutu. Da na zage ka, da na kore ka kwana biyu, da na dawo na ba ka kujerar baya. Ai kai na tanadar wa ita, wa nake da shi? Amma sai ka kira baƙo, ka ba shi kujerar gaba."

Ya dangwala sabon giris, ya danna kilif ɗin a wurinsa, ya mayar da takalma, ya ɗaure komai. Ya sauke jak. Bai ce a zagaya a gwada ba. Ya ɗauki takalmansa a bakin rami ya sa.

Kwana takwas bayan haka motocin burodi suka fara layi a wata sabuwar rumfa a ƙarshen titin. Ashe Ƙarami ya riga ya kama wurin tun watan da ya wuce, har an yi fenti. Daga bencin Mai Kunne ana hango su sarai. Auta ta yi kuka, ta je ta yi wa Ƙarami tatas, ta dawo ta ce shi ma kuka yake yi. Rediyo ya ajiye yadin rigar da ya yi alkawari a ƙasan tebur, ya rasa ko ya ɗinka ko ya yi tsumma da shi. Abin da ya fi ci masa rai, duk garejin da motocin da ke shiga cikinsa, tasa aka zaɓa, don an san shi ne zai yi ta kururuwa a kan ƙara har kowa ya ji.

Da azahar ɗin wata Laraba ya rufe shago ya tafi garejin, ya ce bari ya je ya sa mutumin nan dariya ko sau ɗaya. Ya tarar da shi a kan benci da takalma a ƙafa, yana wanke kusoshi a cikin gwangwanin fetur, kusoshin da ba su da datti. Mota ɗaya ce a kan rami.

"Yaya, na zo neman aiki! Ka ɗauke ni kunne. Ni in ji, kai ka fassara. Ba na son albashi, a bar ni in yi magana kawai."

Mai Kunne bai ɗago ba.

"Wallahi ka ma huta. Ka san mutum nawa ke roƙon Allah ya ba su irin ciwonka in na shigo wuri? Auta cewa take da ana sayarwa da ta saya."

Gefen bakin Mai Kunne ya ɗan motsa. Rediyo ya ga alamar nasara, ya zauna, ya saki jiki, bakin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

"Kuma kada ka sa a ranka. Ba wanda ya raina ka. Mu da muka sani tun bara waccan, ka ga mun canza maka? Ko matarka da take ƙara talabijin tana cewa..."

Ya ji abin da ya faɗa bayan ya riga ya fita.

Mai Kunne ya ajiye gwangwanin a ƙasa. Ya juyo gaba ɗaya, ya kafa wa bakin Rediyo ido.

"Maimaita. A hankali. Tun yaushe?"

"Yaya, ai ba wai..."

"Tun yaushe?"

"Bara waccan."

"Kai da wa?"

"Ni da Auta. Da... kowa dai, Yaya. Tausayi ne. Mun ga kamar in aka gaya maka..."

Mai Kunne ya jinjina kai, ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Shekara ashirin kana shigowa garejin nan kana cika mini kunne," ya ce. "Kuɗin zare, ciwon gwiwarka, wanda ya saki matarsa, wanda akuyarsa ta haihu. Ba abin da ka taɓa ragewa. Magana ɗaya ce tak a duniya da nake bukatar ji daga bakinka, ita kaɗai ka iya riƙewa. Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki."